Hukuncin hayar tirelar kwana da sayen motar golf ta hannu bisa sharaɗin "babu dawowa"

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune da iyalina a Agege. Na yi niyyar kai su bakin teku ta wajen Ibeju-Lekki a hutun Disamba mu yi kwana uku, tare da mahaifiyata wadda ta zo daga gida ganin likita saboda ciwon gwiwa. Na sami mai ba da hayar tirela irin wadda ake ja da mota, mai gadaje da wurin girki a ciki. Ya nemi kuɗin haya da kuɗin ajiya, ya kuma ce duk abin da ya lalace ni zan biya. A wurinsa kuma na sayi ƙaramar motar golf ta hannu mai aiki da batir, irin wadda ake zagayawa da ita a filin wasan golf, don Hajiya ta riƙa zagayawa ba tare da wahala ba. Na biya rabin kuɗin, ya rubuta a rasit cewa yadda na gan ta haka na saya, babu dawowa. Da na koma washegari sai yaron shagonsa ya ja ni gefe ya ce maigidansa ya auna baturan tun makon jiya, guda biyu sun mutu. Wani abokina ya ce tunda na sa hannu magana ta ƙare, domin akwai malaman da suka halatta wannan sharaɗi. Ni kuwa tunanina in tafi da ita, idan ta ba ni matsala a can in dawo masa da abarsa. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa tunanin da ka yi na gwiwarta tun kafin ka yi na kanka.

Hayar tirelar halal ce matuƙar an san kuɗin, an san kwanakin, an san inda za a kai ta. Haɗa haya da ciniki a wurin mutum ɗaya ma babu laifi a mazhabarmu ta Malikiyya, idan an yanke wa kowanne farashinsa. Kuɗin ajiya amana ne a hannunsa, ya dawo maka da shi cif, sai dai ya cire daidai ƙimar abin da ka ɓata. Maganarsa ta cewa duk abin da ya lalace kai za ka biya ita ce ke buƙatar gyara, domin mai haya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kamar ya yi mata lodin da ya fi ƙarfinta ko ya ajiye ta inda ruwan teku zai cim mata. Tayar da ta fashe don tsufa ko rufin da ya yi yoyo don lalacewarsa ta asali, wannan na mai kaya ne, kuma jumhurun malamai ba sa ganin ingancin sharaɗin da ya ɗora su a kanka. Ka nemi a sake rubuta wannan layi, sannan ku zagaya tirelar tare ku ɗauki hotonta ciki da waje kafin ka ja ta.

Inda maganar take shi ne motar golf, kuma abubuwa biyu da ka faɗa a ƙarshen tambayarka su ne suka juya hukuncin: cewa mai sayarwa ya auna baturan kafin ya sayar maka, da cewa kai ma yanzu labari ya iso maka.

Ya kamata mu fara tabbatar da cewa wannan aibi ne a ma'aunin shari'a, domin ba kowace tawaya ce a kayan hannu ake mayar da ciniki saboda ita ba. Kujerar da ta yage da fentin da ya koɗe ka gan su da idonka, kuma saboda su ne farashin ya sauko. Batir kuwa shi ne ran wannan mota. Mafi yawan masu aiki da lantarki suna tafiya ne a kan bolt 36 ko 48, wato batura shida masu bolt 6 ko shida masu bolt 8, an jera su ɗaya na bin ɗaya, ta yadda idan guda ya mutu sai ya ja sauran ƙasa. Masu sana'ar ba sa son a haɗa sabon batir da tsofaffi a jeri ɗaya, saboda haka mutuwar biyu a mafi yawan lokuta tana nufin sauya dukkansu, kuma kuɗin wannan babban kaso ne na ƙimar motar gaba ɗaya. Ga shi kuma aibi ne da ido ba ya gani: motar da aka yi wa caji dare guda za ta yi zagaye biyu a harabar shago lafiya lau, sai an yi tafiya mai ɗan nisa da mutane a kai sannan ta fara ja da ƙyar. Duk abin da yake ɓoye kuma yake rage farashi a idon 'yan kasuwa, to aibi ne da ake mayar da kaya saboda shi.

Sai maganar abokinka. Bai ƙirƙiri abin da ya faɗa ba, domin malaman Hanafiyya sun inganta cinikin da mai sayarwa ya ce ya kuɓuta daga kowane aibi, ko ya san da shi ko bai sani ba. Hujjarsu ita ce mayar da kaya haƙƙin mai saye ne, kuma mutum yana da ikon yafe haƙƙinsa ko da bai san girmansa ba. Suna kafa dalili da hadisin Ummu Salama game da mutum biyu da suka yi jayayya a kan gadon da alamominsa suka ɓace, Annabi (SAW) ya umarce su su raba bisa neman gaskiya, kowanne ya yafe wa ɗan'uwansa. Ina girmama waɗannan malamai, amma ban ga wannan hujja ta kai inda ake son kai ta ba. Mutanen nan biyu dukansu a duhu suke, babu wanda ya san abin da ɗayan bai sani ba, shi ya sa yafiyar ta zama adalci a tsakaninsu. A naka cinikin kuwa mutum ɗaya ya sa na'ura ya auna, ya ga sakamako, ya rufe kujera a kan baturan, sannan ya miƙo maka takarda ka sa hannu. Yardar da aka karɓa ta wannan hanya an gina ta ne a kan zaton da shi da kansa ya san ƙarya ne. Idan kuma aka kawo hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, to ai ƙarshen hadisin ya togace sharaɗin da ya halatta haram, kuma ɓoye aibin da aka sani haram ne ba tare da saɓani ba. Su kansu Hanafiyya ba su ce mai ɓoyewar ya tsira daga zunubi ba, magana suke yi a kan abin da alƙali zai zartar a zahiri.

Abin da ya fi yanke mini hukunci shi ne abin da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa: Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800 bisa sharaɗin kuɓuta daga aibi, mai sayen ya dawo ya ce yana da cutar da ba a faɗa masa ba, suka je gaban Sayyidina Usman. Usman bai ce takarda ta riga ta yi magana ba. Ya nemi Ibn Umar ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa saboda tsantseni, ya karɓi bawansa, daga baya ya warke a hannunsa ya sayar da shi a kan 1500. Ka ga a nan Halifa ya rataya hukuncin a kan sanin mai sayarwa. Mashhurin mazhabarmu ma ya fi haka tsanani, domin bai ba wannan sharaɗi ƙarfi a kan kayayyaki irin mota ba sam. Ni dai a kasuwar tokumbo ta yau, inda mutum kan sauke kwantena bai san tarihin abin da ke ciki ba, ina karkata ga zaɓin Ibn Taimiyya cewa sharaɗin yana amfanar wanda bai sani ba da gaske. Ko ta wace hanya ka bi daga cikin biyun nan, mutumin da ya auna ya yi shiru ba shi da mafaka a cikin rasit ɗinsa.

Yanzu kuma sai in juyo kanka, Alhaji, domin dabarar da ka shirya ba ta halatta ba. Haƙƙin mayar da kaya yana faɗuwa idan mai saye ya san aibin sannan ya yi abin da ke nuna yarda, kuma ɗaukar motar zuwa hutu bayan ka ji labari yarda ce a aikace. Ba zai yiwu ka mori kayan mutum kwana uku a cikin yashi da iskar gishiri, sannan ka dawo masa da su da sunan aibin da ka sani tun kafin ka tashi ba. Zaɓinka biyu ne tun yanzu: ka mayar ka karɓi abin da ka riga ka biya, ko ka riƙe a farashin da kuka yi. Ragin farashi ko sauya baturan ba ka da ikon tilasta masa, amma idan kuka yi sulhu a kai da yardar juna ya halatta, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙi.

Ka kuma sani cewa raɗar yaron shago labari ce, ba ta isa hujja ba tukuna. Kafin ka tuhumi mutum da algus, ka ɗauki mai rewaya, wato mai gyaran lantarkin mota, da ya san irin waɗannan batura, kasuwar kayan mota ta Ladipo ba ta rasa su, ya auna kowanne shi kaɗai bayan caji da kuma bayan an tuƙa motar, ya duba shekarar da aka buga a jikinsu, a gaban mai sayarwar. Idan awo ya nuna mutuwarsu, ba ka ma buƙatar ambaton wanda ya gaya maka, kuma ina roƙonka kada ka ambace shi. Yaro ne da ya yi maka nasiha yana tsoron rasa abincinsa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. An ƙera wannan mota ne don ciyawar filin wasa, gudunta bai wuce kilomita 20 da 'yan kai a awa ba, tayoyinta na asali suna nutsewa a yashi mai laushi, kuma ba abar hawa titin Lekki zuwa Epe ba ce, sai ka nemi motar da za ta ɗauke ta. Cajinta yana cin awanni masu yawa, wanda ke nufin janareto zai daɗe yana aiki. To don Allah ka ajiye shi nesa da tirelar, ta gefen da iska ba za ta kaɗo hayaƙin zuwa taga ba. Hayaƙin janareto yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun ji komai ba, an sha rasa iyali guda a ƙasar nan ta wannan hanya, kuma ɗakin tirela ƙarami ne ƙwarai. Haka tukunyar gas, a rufe ta kafin a kwanta. Kada ka ba yara tuƙi, kada kuma su shiga ruwa ba babba a kusa, domin igiyar tekun Legas tana ja da ƙarfi. Idan hutun kwana uku ne kaɗai buƙatarka, ka yi tunani ko hayar motar ba ta fi maka sayenta ba, tunda batir da aka ajiye watanni ba caji lalacewa yake yi.

Game da salla, nisan ƙasaru a wurinmu kimanin kilomita 80 ne, kuma ana fara ƙirga shi daga inda gine-ginen gari suka ƙare. Legas kuwa ta miƙe ta wannan ɓangare har unguwanni sun haɗe da juna, saboda haka abin da na fi natsuwa da shi shi ne ku cika sallarku. Alƙibla tana gabas mai karkata arewa: ka bar teku a damanka, ka ɗan juya zuwa tudu. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ka zaɓi wurin da babu giya da tsiraici, ka kuma tsara tafiyar yadda Juma'a ba za ta kuɓuce maka ba. Hajiya ta yi salla a zaune idan tsayuwa tana cutar da ita, kuma ka tambayi likitanta ko zaman mota na awanni a cunkoson hanyar Ajah zai dace da gwiwar kafin ka biya kuɗin hayar.

Allah ne mafi sani.