Na'urar insulin da kitsen jini: amsoshin Likita

Tambaya daga wani malami a Jidda: Likita, za a auna mini kitsen jini. In cire na'urar insulin ɗina ne kafin awon?

Amsa: A'a Malam, bar ta a jikinka, ita ce ke ɗiga maka insulin, maganin da ke daidaita sukarin jini ga mai ciwon sukari. In an ce kada ka ci komai, tuntuɓi likitanka tukuna don kada sukarinka ya faɗi.

Tambaya daga Makka: Zafin nan namu yana ɓata insulin ɗin da ke cikin na'ura?

Amsa: Ƙwarai. Zafin da ya haura digiri 37 yana rage masa ƙarfi. Kada a bar ta cikin mota ko a rana.

Tambaya daga wata Hajiya a Madina: Tun da aka sa wa ɗana na'urar, kitsen jininsa ya sauka. Maƙwabciyata ta ce ya warke, a cire, a yi masa ƙaho, ya riƙa shan habbatus sauda da zuma.

Amsa: Hajiya, don girman Allah kada ki cire. Wannan shawarar ta ishe ni, kuma tana kai yara ɗakin gobe da nisa.

Ga abin da ya faru. In insulin ya yi ƙaranci, jiki yakan narkar da kitsensa ya zuba cikin jini, hanta ta ƙara sarrafa wani nau'in da ake kira tiraigilisarayid. Na'urar tana ɗiga masa insulin dare da rana, sukari ya daidaita, wannan kitsen ya sauka. A sakamakon awon, ƙasa da 150 mg/dL ake so. Aikin na'urar ne kike gani, ciwon sukarin yana nan.

Insulin ɗin cikinta kuwa mai saurin ƙarewa ne. Aka cire ta, ko bututun ya toshe, cikin 'yan sa'o'i gubar kiton za ta taru a jini. Amai, ciwon ciki, ƙishirwa, numfashi da sauri: kin ga haka, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Ƙaho ba ya zuƙe kitse, zuma kuma sukari ce.

Sannan mugun kolastarol, mai toshe jijiyoyin zuciya, bai cika sauka sosai saboda na'urar kawai ba. In an rubuta masa ƙwayar rage shi, ya ci gaba da sha. A rage kabsa da soyayyar kaza. Ki mayar da shi asibiti a sake awo, kuma kada a taɓa na'urar sai da sanin likitansa.