Yadda za ka gane fikof ɗin jita na asali da na jabu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tambarin kamfanin Seymour Duncan da ke saman fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiyar jitar lantarki) samfurin JB na hannu ya isa shaida cewa na asali ne. Bai isa ba ko kaɗan, don tambari shi ne abin da masu jabu suka fi ƙwarewa a kai.

Ka roƙi mai sayarwa ya juya maka bayan fikof ɗin. Farantin ƙasan na asali fari ne kamar azurfa, da sunan kamfanin a buge cikin ƙarfen. Na jabu galibi launin tagulla ne. Amma ka kula, DiMarzio, wani kamfanin fikof, da kansu farantin tagulla suke sawa, don haka wannan ma'aunin na Duncan ne kawai.

Sai mita, na'urar auna lantarki. JB, wato SH-4, yana nuna wajen 16k om (om dubu 16, ma'aunin turjiyar lantarki). Ɗan bambanci ba laifi, zafi ma yana motsa lambar. In ka ga 8k ko 9k, ba shi ba ne. Ko lambar ta yi daidai kada ka saki jiki, domin mita ba ta faɗin irin maganaɗisun da ke ciki, JB kuwa alniko 5 gare shi.

Wanda aka rubuta Duncan Designed, wato samfurin kamfanin mai rahusa da ba a Amurka ake ƙera shi ba, ba jabu ba ne, amma kada ka biya kuɗin ƙirar Amurka a kansa. In mai shi ya ƙi turo hoton baya, ka bar masa kayansa.