Ko ba ka iya rubuta kod ba, akwai aikinka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda bai iya rubuta kod ba zai iya sa kai wajen rubuta bayanin manhajojin da kod ɗinsu yake a buɗe ga kowa. Ƙwarai kuwa. A ganina ma sabon shiga ya fi dacewa da aikin, domin wanda ya gina manhaja ya saba da ita har ba ya lura da inda bayaninsa ya tsallake mataki.

Zaɓi wata ƙaramar manhaja da kake amfani da ita a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin manhajoji, ka buɗe fayil ɗin README mai bayanin manhajar, ka bi matakan girkawa ɗaya bayan ɗaya a kwamfutarka. Duk inda ka tsaya cak, ko umarni ya ƙi aiki don sigar ta sauya, to nan ne wurin gyara. Ko layi biyu ne, an gode.

Amma kafin nan ka karanta fayil ɗin CONTRIBUTING mai bayanin yadda ake ba da gudummawa, kowane aiki da ƙa'idarsa. Da yawa Markdown suke amfani da shi, wani salon tsara rubutu mai sauƙin koyo, bayanin yaren kod na Python kuwa da wani salon, reStructuredText, ake rubuta shi. In ka aika gyaranka amsa ta yi jinkiri ka yi haƙuri, yawancin masu duba gyaran su ma sa kai suke yi.