Ƙazwar awaki: kayan ɗaukar samfuri da yadda ake kankarar fata

Tambaya daga wani mai kiwo a Daura: Na sayo awaki biyu a kasuwar Mai'adua. Bayan mako uku sai duk na gida suka kama susa, gashin kunne da na fuska yana zuba, fatar ta yi kauri. An ce in kai samfuri asibitin dabbobi. Me zan tanada?

Malam, wannan ya yi kama da ƙazwa, amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Kirci da makero su ma suna zubar da gashi su yi ɓawo, kuma maganin kowanne daban. Ƙwaron ƙazwa bai kai rabin milimita ba. Macen tana haƙa rami cikin fata ta zuba ƙwai, shi ya sa sai an kankaro fatar an sa a madubin likita kafin a gan shi.

Ka samu ƙaramin akwatin roba mai murfi. Ka zuba safar hannu ta roba, almakashi, askar tiyata mai lamba 10 ko 22 (sabuwa ɗaya ga kowace dabba), auduga, aidin, da ƙananan kwalabe masu murfin murɗawa kamar shida, sai filasta da biro na rubuta shaida. Abin da aka fi mantawa shi ne man farafin na kemis, farin mai marar wari. A kula, ba kananzir nake nufi ba. Man farafin ne ke kama abin da aka kankaro ya manne da aska, in babu shi iskar hunturu ta kwashe.

Wajen ɗauka ne aikin yake. Wani ya riƙe maka akuyar. Kada ka kankari tsakiyar tabo inda fata ta bushe ta zama kamar ƙirgi, ƙwarin sun riga sun bar wurin. Ka nemi gefe, inda ciwo ya haɗu da lafiyayyar fata, musamman bakin kunne da gwiwar ƙafar gaba. Rage gashin da almakashi, ɗiga mai ɗigo ɗaya ko biyu, ka tsinci fatar tsakanin yatsu biyu ka matsa. Sai ka tsayar da askar a miƙe kana kankara, ba yanka ba, har ka ga jini ya tsattsafo ɗis-ɗis kamar kan allura. In ba ka ga wannan ba, ba ka kai inda suke ba. Ka yi haka a wuri uku zuwa biyar, ka kaɗe cikin kwalba, sannan ka shafa aidin. Kada ka goge wurin da sifirit kafin kankara.

Rubuta ranar da shaidar dabbar a jikin kwalba, ka ajiye a inuwa, ka kai ranar ko washegari. A can za su narkar da ɓawon da sinadari su duba. Ko an ce ba a ga komai ba, ba shi ke nan ba, don sau da yawa ƙwarin kaɗan ne. A sake ɗauka daga wata akuyar da ba a shafa mata komai ba.

Wata Hajiya daga Katsina ta tambaya: Na shafa wa awakina baƙin mai, na yi allura sau ɗaya, susa ta dawo.

Hajiya, don Allah a daina baƙin mai. Yana ƙona fata, dabba ta lasa ya cutar da ita, ya kuma ɓata samfuri. Allurar ibamektin, wadda aka fi sani da Ivomec, mai ƙarfin kashi 1, ana ba da mil 1 ga kilo 50 a ƙarƙashin fata, wato akuya mai kilo 25 rabin mil ke nan. Ba ta kashe ƙwai, don haka dole a maimaita bayan kwana 14, kuma duk garken a rana ɗaya, har waɗanda ba sa susa. Ma'aikacin dabbobi ya yi miki. Kada a sha nonon, kada a yanka sai kwanakin da ke jikin kwalbar maganin sun cika. A share turke, a canja igiyoyi. Idan yaran da ke ba su dusa sun fara susa a hannu, a kai su asibiti, a faɗa wa likita cewa awakin gida na da ƙazwa.