Tsohon fenti ya yi kauri a dandamalin katako: a kankare ko a shafa sabo a kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da dandamalin katako a ƙofar gida, an yi masa fenti har sau huɗu. Yanzu ya yi kauri, yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Mai fenti ya ce a shafa sabo a kai kawai. Hakan zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda. Sabon fentin tsohon zai kama, ba katakon ba, ranar da na ƙasa ya saki kuwa tare za su tashi. Kaurin nan ma shi ke tsare danshi, katako ya yi ta ruɓewa a ɓoye.

Kafin komai, ɗauki sukudireba ka caccaki allunan, musamman bakinsu da gefen ƙusoshi. Inda ƙarfe ya nutse cikin sauƙi, ruɓa ce ko gara ta ci. Cire allon, kada ka ɓata maganin cire fenti a kansa.

Fenti mai kauri haka samfefa ba ta fara cin sa, nan da nan za ta toshe ta yi santsi. Sai maganin cire fenti. Ka lafta shi da kauri, kamar faɗin tabarma ɗaya a lokaci guda, a inuwa, sannan ka rufe da leda don kada ya bushe. A nan mutane ke gaggawa. Bar shi ya yi aikinsa iya lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. In ka ɗaga ledar ka ga fentin ya tattare ya yi ƙuraje, to ya nuna: tura makankari bin tsawon zaren katako, wato layukan da ke jikinsa, zai taso kamar ƙanzo. Shafi huɗu da wuya ya fita a zagaye ɗaya. Idan maganin mai kostik soda ne, yana baƙanta katako, sai an wanke sosai an bi da ruwan asid na oksalik, mai cire baƙin.

Sa safar hannu ta roba, tabarau da takunkumi. Tsohon fenti kan ƙunshi gubar dalma (Amurka ta haramta ta a fentin gida tun 1978), kuma mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinariya ne. Don haka ban da ƙona fenti da wuta, ban da goge shi a bushe. Shimfiɗa leda ta tare tarkacen, a nisanta yara da kaji.

Bayan ka gama kankarewa ka wanke katakon, bar shi ya sha iska kwana biyu zuwa uku. Da damina ya fi haka. Nutsar da kawunan ƙusoshi ciki, ka bi da samfefa mai lamba 60 (mai kaushi), sannan 80 (mai ɗan laushi). Ɗiga ruwa: in katakon ya shanye, ya shirya, in ɗigon ya tsaya, da sauran fenti. Sa fentin share fage, sannan shafi biyu marasa kauri, kuma ka guji ranar da hunturu ke kwaso ƙura.