Zambo, habaici da mai bindiga

Wani ɗalibi daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya rubuto: "Malam, Allah shi ƙara basira. Gardama ta kaure mana a wurin shayi kan waƙar da mawaƙin nan Fela Kuti ya yi wa sojojin ƙasarsa Najeriya. Ni na ce habaici ne, abokina ya ce zambo ne. A raba mu."

Ɗana, abokinka ya kayar da kai. Zambo shi ne a ɗauki mutum a yi masa muguwar siffa, a kwatanta tafiyarsa, ko tumbinsa, ko rowarsa, har jama'a su fashe da dariya sun gane shi, ko an kama suna ko ba a kama ba. Habaici kuwa a kaikaice yake zuwa. Ana jefa magana a tsakar gida ba a ce ga mai ita ba. Je ka tsaya bayan danga a Bagalam ko Mokoyo da hantsi, lokacin da kishiyoyi biyu ke lugude a turmi guda: ɗaya na waƙa kan "wata" da miyarta ba ta da gishiri, ɗayar na ƙara nauyin taɓarya. In ta tanka, a ce da ita mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Fela bai bi ta bayan danga ba. A waƙar Zombie ya siffanta soja da gawar da ke tafiya, ba ta juyawa sai an ce juya, ba ta tunani sai an ce yi. Wannan zambo ne tsagwaronsa, kuma an biya kuɗinsa. A watan Fabrairun 1977, zamanin Janar Obasanjo, sojoji suka afka gidansa na Kalakuta a Legas, suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga. Ta rasu a 1978.

Akwai abin da nake so ka lura da shi, don ɗalibai na yawan tsallake shi. A fadojinmu, nan Maradi ko Tibiri, zambo ba makamin talaka ba ne. Makaɗin fada ba ya yi wa sarki zambo. Ƴan sarkin da suka nemi gadon suka rasa su yake yi wa, don ubangidansa ya ji daɗi. Wato asalinsa daga sama yake gangarowa. Abin da ya sa na Fela ya girgiza mutane shi ne ya juya bakinsa ya kalli sama. Habaici ne ya saba zama a hannun marar ƙarfi: amarya, bara, talaka gaban mai karɓar haraji. Dabararsa ita ce yana ɗaure mai iko ta fuska biyu. In ya ƙyale, waƙa ta bazu. In ya kama mawaƙi, ya shaida da bakinsa cewa kuran da ake faɗi shi ne. Shi ya sa ni a wurina habaici ya fi zambo wayo, ko da zambo ya fi shi zuciya.

Wata malamar makarantar boko daga Tasawa ta tambaya: "Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To Malam, wannan magana tana ci gaban bindiga kuwa?"

Malama, karin magana ba alkawari ba ne, kuma bai ce yau-yau ba. A Chile, bayan juyin mulkin Pinochet na 11 ga Satumban 1973, an tsare mawaƙi Victor Jara a wani filin wasa na Santiyago, aka farfasa masa hannuwa, aka harbe shi. Ranar nan sarkin ƙarfi ne ya ci. Sai 1990 Pinochet ya sauka, filin kuma yau sunan Jara yake ɗauke da shi. A Girka, sojojin da suka karɓi mulki a 1967 sun kafa doka ta hana saurare ko rera waƙoƙin Mikis Theodorakis, mutane suka ci gaba da jin su a ɓoye har mulkin ya faɗi a 1974.

Inda "yawa" yake a cikin waƙa shi ne amshi. Mai jawabi mutum ɗaya ne, an san gidansa. Amma in zabiya ta ba da waƙa dandali ya amsa, wa za a kama? Ki dubi ƴan mata a gaɗa: wadda ta fara baitin ta shige cikin sahu, tafi ya rufe ta. Masu mulki ma sun san haka sarai. A nan Nijar, da Seyni Kunce ya kifar da shugaba Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, bai yaƙi waƙa ba, jawo ta ya yi a jika: ya raya samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gargajiya, aka riƙa gasar waƙoƙin matasa kan haɗin kai da aikin ƙasa. Waɗanda suka yi samartaka a lokacin har yanzu bakinsu na riƙe da wasu. Wanda ya cika dandali da tasa waƙar ba ya buƙatar hana ta wani.

Wani dattijo daga Madarunfa kuma ya ce a bambance masa bore, tawaye da zanga-zanga, don rediyo na cakuɗa su.

Gaskiyarka, Baba. Tawaye fita ne daga ƙarƙashin hukuma gaba ɗaya, galibi da makami. Bore ƙin bin umarni ne da tayar da ƙura, ko amarya ma tana yin sa a gidan miji. Zanga-zanga fitowa ce kan titi a nuna rashin yarda, in an ƙara mata "lumana" to ba jifa ba ƙone-ƙone. Ɗaliban da aka buɗe wa wuta a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Ali Shaibu, zanga-zanga suke yi. Duk wanda ya kira ta tawaye ya yi wa kalmar ƙarya, ya kuma yi wa yaran ƙage.