Tambayi Likita: Masu Tseren Safiyar Asabar

Assalamu alaikum likita. A garinmu duk Asabar bayan sallar asuba muna tseren kilomita 5 a titin da ya fita bayan gari. Ba na fashi, amma yanzu ƙwaurina kan yi ta ciwo har zuwa Talata. Sauran ranakun ina shago, ba na gudu.

Wa alaikumus salam. Ai ka riga ka faɗi cutar da bakinka, ɗan'uwa: kwana shida a zaune, rana ɗaya a kan kwalta da iya ƙarfinka. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara sai sun ɗauki watanni. Numfashi sai ya ba ka dama, ƙafa kuwa ba ta shirya ba.

Ka bi gefen ƙashin ƙwaurin ta ciki da yatsa. Idan zafin ya bazu kamar tsawon tafin hannu, kuma yana lafawa in jiki ya ɗumama, gajiyar ƙashi ce da tsokar da ke manne da shi. Ka huta mako biyu, ka riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, yana damunka da dare, ko ka kasa yin tsalle da ƙafar ita kaɗai, ana zargin tsagewar ƙashi. Wannan na asibiti ne, kuma hoton farko yakan fito lafiya lau a makonni biyun farko, don haka kada ya ruɗe ka.

In ka warke, ka sa sassarfa ta minti 20 zuwa 30 ranar Talata da Alhamis, a filin ƙwallo mai ƙasa, a hankali yadda za ka iya hira da na kusa da kai. Ƙarin nisa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Ka duba takalminka ma. Kambas na gudu yakan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa galibi wani ya cinye wannan tafiyar kafin ya zo hannunka, ko da samansa na sheƙi. Ajiye shi a kan tebur. In ya karkace gefe ɗaya, ya gama aiki.

Likita, shekarata 54, ina da hawan jini da ciwon suga. 'Ya'yana sun ce in bar shiga tseren. Suna da gaskiya?

Alhaji, ban goyi bayan a hana ka ba. Motsa jiki na sauke jini da suga duka biyun, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Abin da zan hana ka shi ne gasa da samari a ƙarshen titi.

Ka fara ganin likitanka ya duba zuciya da tafin ƙafa. Duk ranar da awon jini ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, babu gudu. Sunan maganinka ma yana da muhimmanci. Mai shan atenolol bugun zuciyarsa ba ya hawa sosai, saboda haka agogon hannu mai auna bugun zuciya zai yaudare shi. Ya auna kansa da magana, in ya kasa haɗa jimla saboda haki, ya rage. Mai shan maganin sa fitsari ya fi saurin bushewa. Kuma kada ka tsaya cak a layin ƙarshe, ka ci gaba da takawa minti biyar, don jini kan taru a ƙafa, jiri ya kwashe mutum.

Ta ɓangaren suga, metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga ba. Insulin da glibenclamide su ne abin tsoro, musamman ga wanda ya fito da asuba ciki ba komai. Ka auna kafin ka fita: ƙasa da 100, ka ci dabino biyu ko uku tukuna, ka kuma zuba wasu a aljihu. Rawar jiki, zufa mai sanyi da yunwa ta farat ɗaya alamun suga ya faɗi ne. Nauyi ko matsi a ƙirji, ko da ya wuce da ka tsaya, kada ka jira wata Asabar ɗin, ka je asibiti ranar.

Ni AS ce, ba sikila ba. Zan iya ci gaba da gudu da bazara?

Za ki iya, malama. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma akwai manyan 'yan wasa a cikinsu. Haɗarin kaɗan ne, yakan zo ne in gudu mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa ko zazzaɓi. Ki fara a hankali, ki sha ruwan leda ɗaya kamar awa biyu kafin a tashi. In ƙafafu suka saki babu dalili, ki tsaya nan take. Zazzaɓi kuwa doka ce a kan kowa, AS ko AA: mai zazzaɓi ba ya gudu sai ya warke sarai.

Abokaina suna shan diclofenac, wasu tramadol, kafin tsere don kada su ji ciwo. Akwai illa?

Akwai, babba ma. Lokacin gudu jinin da ke zuwa ƙoda yana raguwa, diclofenac da ibuprofen kuma suna ƙara rage shi. Tramadol na iya jawo farfaɗiya, ga kama mutum. Duk wanda fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan tsere, tare da ciwon tsoka mai tsanani, ya tafi asibiti a duba ƙodarsa.

Ni ne nake busa usur a tseren garinmu. In wani ya faɗi, me za mu yi kafin asibiti?

Ku fara da tsari. Tseren parkrun, wanda mutum 13 suka fara a wani lambu a Landan a 2004, yana sa mutum ɗaya ya tako a bayan kowa don kada a bar wani a hanya. Ku yi haka, ku tanadi adaidaita sahu guda. Masu gudu su bi gefen hagu suna fuskantar motoci, kuma daga Maris zuwa Mayu a gama kafin rana ta ɗaga.

In mutum ya faɗi, ku kira sunansa ku dubi ƙirjinsa. Ba ya amsawa, ba ya numfashi ko yana jan numfashi irin na shaƙewa jefi-jefi: zuciya ta tsaya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. A riƙa canjin hannu duk minti biyu, kada a daina har a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya.

Idan yana numfashi amma jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko tangaɗi, zafi ne ya buge shi, ko da yana zufa. Sanyayawa ce farko, mota daga baya: a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗura wa wanda ya suma ruwa ko lemo a baki, sai ya sarƙe ya shiga huhu. Abin sha sai ga wanda ya farfaɗo har yana iya riƙe kofi da hannunsa.